Jawabin Bikin Yaye Ƙananan Hafsoshi: Kabarin Janar Puller



Kabarin Laftanar Janar Lewis Puller yana harabar wata tsohuwar majami'a mai suna Christ Church, a gundumar Middlesex ta jihar Virginia a Amurka, kusa da ƙauyen Saluda inda ya zauna bayan ritaya. A maƙabartar Arlington ake binne da yawa daga cikin manyan sojojin ƙasar, amma shi a nan aka sa shi da ya rasu ranar 11 ga Oktoba, 1971, daga baya kuma aka binne matarsa a gefensa. Har yau sojojin rundunar kundumbala ta Marin suna zuwa ziyara, domin a tarihin rundunar babu wanda ya kai shi yawan lambobin jarumta.

An haife shi a 1898. Ya bar makarantar soja ta Virginia a 1918 ya shiga aiki a matsayin kurtu, ya yi Haiti, ya yi Nikaraguwa, inda ya samu lambar Navy Cross har sau biyu. Ta uku ta zo a Guadalcanal a Oktoban 1942, daren da bataliyarsa ta tare dakarun Japan a bakin filin jirgin Henderson cikin ruwan sama. Ta huɗu a Cape Gloucester. Ta biyar a Koriya a Disamban 1950, lokacin da sojojin Sin suka yi wa rundunar ƙawanya a yankin tafkin Chosin cikin matsanancin sanyi. Ya yi ritaya a 1955 saboda rashin lafiya, bayan shekara 37 yana sanye da kaki. 

Tarihinsa bai rasa abin suka ba. A tsibirin Peleliu, a Satumban 1944, fiye da rabin rejimentinsa aka kashe ko aka raunata cikin mako guda da 'yan kwanaki, kuma masana tarihin yaƙi suna ta muhawara kan yadda ya riƙa tura maza gaba da gaba cikin duwatsu.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai shi ne labarin ɗansa, Lewis Puller ƙarami, wanda shi ma hafsan Marin ne. A Oktoban 1968 ya taka nakiya a Biyetnam, ya rasa ƙafafu biyu da yatsun hannu da dama. Ya rayu, ya karanta aikin lauya, ya rubuta tarihin rayuwarsa wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1992. Amma ciwo da giya da magungunan kashe raɗaɗi ba su sake shi ba, a watan Mayun 1994 ya kashe kansa. Wannan ɗan janar ne, a ƙasar da ke da ma'aikata sukutum ta kula da tsofaffin sojoji. To ina ga ɗan kofur wanda babu mai sanin sunan ubansa? Raunin yaƙi ba ya warkewa ranar da aka sallami mutum daga asibiti. Ana buƙatar ƙafar roba da mai gyara ta, likitan ƙwaƙwalwa, fansho a kan lokaci, kuɗin makarantar marayu. Duk waɗannan a kasafin kuɗi ake rubuta su, kuma su ne aka saba fara yankewa. Fenti da rumfunan biki ba su taɓa rasa kuɗi ba, rumfar da ake zaune ƙarƙashinta ma shaida ce. Masu riƙe da alƙalamin kasafi suna nan a layin gaba, sun dai ji, kuma 'yan jarida sun rubuta.

Sababbin hafsoshi su tashi tsaye, kwamanda zai fara kiran sunaye.