Matar Ɗaurarre Amana Ce a Hannun Zango

  

Maganar da muka zo da ita yau magana ce wadda kowa ya sani, amma ba a son a taɓa ta a bainar jama'a, watau halin da mace kan shiga idan aka kulle mijinta a gidan yari. Ranar da aka wuce da shi Ikoyi ko Kirikiri ko Badagiri, a ranar ita ma ake buɗe mata nata kurkukun a cikin unguwa. A daina aiko mata goron biki da na suna, a zare hannunta daga adashi, mai shago ya ce babu sauran bashi, yara kuma su dawo daga makarantar allo da kuka an kira su 'ya'yan ɓarawo. To jama'a, laifin me ta yi?

Mu fara da sanin su wane ne ke ciki. Ƙididdigar hukumar gidajen yari, wadda dokar 2019 ta mayar da sunanta hukumar gyaran hali, ta nuna cewa a 2024 wajen mutum 2 cikin kowane 3 da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke masu hukunci ba. Tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 36, ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Mu 'yan kasuwa mun san yadda abin ke faɗa wa namu. Wani samame ne ya rutsa da shi, kamar yadda aka kwashi mutane da dama a rikicin Mile 12 na 2016, ko bayan hana acaba a wasu sassan Legas a 2022. Wani ɗan gwangwan ne ya sayi ƙarfe bai san na sata ba ne. Wani maigadi ne aka yi sata a gidan da yake tsaro. Akwai kuma wanda ya aikata da gaske, ba ma musun wannan. Amma ko shi ɗin, Alƙur'ani ya karantar da mu cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya yi shekaru a kurkuku ba da haƙƙinsa ba, Imamu Ahmad ɗan Hambali ma an ɗaure shi a Bagadaza, kuma darajarsu ba ta ragu ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Saboda tsoron bakin mutane, sai baiwar Allah ta ce maigida ya tafi Arewa ganin gida. Wata ɗaya, wata uku, shekara, tana ta rufa-rufa. Alhali kuwa shari'a ba ta tafiya sai da mai bin ta. Beli yana son mai tsayawa, mai adireshi sananne. Fayil yana son wanda zai riƙa zuwa kotu yana tambayar ranar zama. Wanda ba a san yana ciki ba, wa zai tsaya masa? Ta haka ne mutumin da ya kamata ya fito cikin mako biyu sai ya share shekara biyu. Ashe ke nan tsegumin da ake yi a bakin famfo da wajen mai shayi shi ke ƙara wa ɗan'uwanmu kwanaki a ciki.

Don haka, 'yan'uwanmu mata da wannan jarrabawa ta same ku, ga shawararmu. Da fari, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba mu ce ki yi shela ba, amma tun ranar farko ki sanar da mutum uku: fadar Sarki, limamin unguwa, da shugaban sana'ar mijinki. Na biyu, ki san sunan kotu, da lambar ƙara, da ranar da za a koma, a rubuta maki a takarda ki adana. Na uku, ki san haƙƙinki. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da irin tata ta Jihar Legas, sun hana a kama ki a madadin mijinki, sun kuma yarda mace ta tsaya wa mutum beli. In babu kuɗin lauya, akwai ofishin OPD na Jihar Legas tun 2000, da hukumar agajin lauyoyi ta tarayya tun 1976, aikinsu kare marasa hali kyauta. Ki yi hattara da 'yan kamasho masu cewa kawo kaza a fito da shi gobe.

Na huɗu, kada ki kulle kanki a ɗaki. Ki ci gaba da sana'arki, ko ƙosai ne ko kitso ko ɗinki, ki je Islamiyya, ki je gaisuwar mutuwa. Mai habaici ki bar shi da Allah, in ya ga ba ki sunkuyar da kai ba zai gaji. Yara kuma a gaya masu gaskiya daidai hankalinsu, gara su ji daga bakinki da su ji a titi. Sa'an nan ki sani ɗauri ba ya kashe aure. In kin zaɓi haƙuri, kina da lada. In kuwa zaman ya yi tsawo, babu ci babu sha, Musulunci ya ba ki damar kai kuka ga waliyyinki da malamai su duba, kuma babu mai ikon zagin ki a kan ko wanne kika ɗauka.

Saura mu. A Kano ko Sakkwato, mace tana da gidan ubanta a bayan layi. A nan kuwa tsakaninta da danginta tafiyar kwana ce a mota. Mu ne iyayenta, mu ne yayyenta. Muna roƙon wannan ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin wata-wata don hayar ɗaki da abincin irin waɗannan gidaje, a kuma naɗa dattawa biyu masu zuwa kotu da ziyara, da mata biyu masu kai saƙo, don kada a bar ƙofa ga mazan banza masu fakewa da taimako. Abokan cinikin mutum su riƙe masa rumfarsa da amana har ya fito. Ran da ya fito kuma a je a yi masa barka, a ba shi jari ko kaɗan ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda aka zalunta, Ya shiryi masu laifi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.