Abin Da Fim Ba Ya Nuna Mana Game Da Matuƙan Jiragen Yaƙi



Yau zan fara ne da ƙanina. Kwanaki na same shi yana buga wasan jiragen yaƙi a waya, aka harbo jirginsa, ya yi tsaki ya danna ya sake sabon lale. Na ce masa, kai ka san waɗanda suka yi abin nan da gaske sa'anninka ne? Dariya ya yi. To shi ya sa na ce bari mu yi maganar a nan.

Mu koma shekarar 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba, Jamus ta Hitila ta yi ta turo jirage kan Birtaniya, ana gwabzawa a sama kusan kullum. Mutum kusan 3,000 ne suka tashi jirage don kare ƙasar. 544 daga cikinsu sun mutu a waɗannan watanni, sannan kusan 800 suka biyo su kafin yaƙin ya ƙare a 1945. Yawancinsu ba su wuce shekara 20 da 'yan kai ba. Wato shekarun da mu muke fama da jarabawa da neman gurbin karatu. A ɓangaren Jamus ma an rasa fiye da mutum 2,000, su ma 'ya'yan wasu ne.

Kun san abin da suka fi tsoro? Wuta. Jirgin da ake kira Hurricane yana da wani tankin mai a gaban matuƙi, tsakaninsa da inji. In harsashi ya fasa shi, wutar kai tsaye take nufo fuskar mutum. In ya buɗe murfin saman don ya fita, iska sai ta ƙara jawo wutar ciki. Daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya kwance ɗamara, ya fita, ya buɗe lema. Wasu kuma sukan cire safar hannu don su fi jin daɗin riƙe sitiyari, shi ya sa hannu da fuska ne suka fi cin wuta.

Akwai wani matashi, Richard Hillary, ɗalibi ne a jami'ar Oxford kafin yaƙi. Ranar 3 ga Satumba 1940 aka harbo jirginsa samfurin Spitfire, ya faɗa teku fuska da hannaye a ƙone, shekararsa 21. Masu ceto suka tsamo shi. An yi masa tiyata a kai a kai, har ya rubuta littafi kan abin da ya gani. Amma ya dage sai ya koma tuƙi, duk da yatsunsa ba su dawo daidai ba. A watan Janairun 1943 jirginsa ya faɗi a wani atisayen dare, ya mutu tare da abokin tafiyarsa. Shekara 23. Ku ɗan tsaya ku yi tunanin mahaifiyarsa.

Likitan da ya yi masa aiki sunansa Archibald McIndoe, ɗan ƙasar New Zealand, yana aiki a wani asibiti a garin East Grinstead a kudancin Ingila. Shi ne ya lura cewa waɗanda suka faɗa teku ƙunarsu ta fi saurin warkewa, sai ya riƙa sa a yi wa majinyata wanka da ruwan gishiri. Yakan yanko fata daga cinya ko hannu ya gina wa mutum sabon hanci ko fatar ido. Wani sai an shiga da shi tiyata sau goma, sau ashirin, ana shekaru ana abu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne, likitan nan ya gane cewa gyaran fuska kaɗai ba ya isa. Saurayi ne fa, jiya ana rububinsa, yau shi kansa ba ya son kallon madubi. Sai ya roƙi mutanen garin su riƙa gayyatar yaran nan gidajensu, su ci abinci tare, kada a ƙura musu ido. Mutanen gari suka amsa, har aka san garin da wannan hali. A 1941 majinyatan suka kafa ƙungiya mai suna Guinea Pig, sunan wata dabba mai kama da ɓera da ake gwajin magani a kanta, suna tsokanar kansu ke nan. Kafin ƙarshen yaƙi sun kai 649, kuma sun ci gaba da haɗuwa duk shekara har tsufansu.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne kawai. A ƙarshen Maris 2021 wani jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet ya ɓace a Borno da mutum biyu a ciki, sai bayan kusan shekara aka ga tarkacensa a dajin Sambisa. Iyalansu sun yi wannan zaman jira, mu kuwa kwana biyu muka yi muna sharhi muka wuce.

To 'yan uwa, in kun ji ƙarar jirgin yaƙi ya wuce ta saman unguwa, ku tuna akwai mutum a ciki da uwarsa ke masa addu'a. In akwai tsohon soja mai rauni ko matar mamaci a layinku, ku je ku gaishe su, ku tambayi ko haƙƙoƙinsu sun fito. In ba su fito ba, mu ɗaga murya tare.

Ku rubuto mana ra'ayinku, za mu karanta a shiri na gaba in sha Allahu. Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.