Raunin Da Ba Ya Zubar Da Jini



Abin da muke so mu jawo hankalinku a kansa yau shi ne wani rauni da soja ke dawowa da shi daga fagen fama, wanda ba ya zubar da jini, amma yana hana barci, yana kawo firgita da saurin fushi, wani lokaci har ya raba mutum da iyalinsa.

A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, rundunar Ingila ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifin ragwantaka da gudu daga bakin daga, alhali kuwa da yawansu rugugin igwa ne ya gigita su. Sai a 2006 gwamnatin Ingila ta yafe wa 306 daga cikinsu, bayan ƙasa ta daɗe da rufe idanunsu.

A watan Agusta na 1943, a tsibirin Sisili, Janar George Patton na Amurka ya mari sojoji biyu a asibitin sansani, ya kira su ragwaye, don bai ga rauni a jikinsu ba. Daga baya aka gano ɗayansu yana fama da zazzaɓin cizon sauro. Shugabansa, Janar Eisenhower, ya tilasta masa neman gafara. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan larura cikin jerin cututtukan da ta amince da su.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama, iyayenmu sun ga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, tsararrakinmu kuwa sun fuskanci Boko Haram tun daga 2009. An rene mu da cewa namiji ba ya kuka, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka sojan da abin ya shafa yakan yi shiru, don gudun gori ko asarar ƙarin girma.

A nan ne nauyin shugaba yake. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shugaba nagari ya san fuskokin mutanensa, yana sauya su daga bakin daga su huta, yana tura mai larura wurin likita ba tare da tozarta shi ba.

'Yan'uwa, gobe wasunmu za su shugabanci 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko ma'aikatan jinya, waɗanda aikinsu ke haɗa su da mutuwa kullum. Ranar da ɗayansu ya tsaya gabanmu hannunsa yana rawa, mu fara da ba shi kujera, mu saurare shi, kafin mu ɗauki alƙalamin horo.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.