Abokinka Ya Samu Ƙaruwa: Me Za Ka Riƙa?

 

Ɗan'uwa, an aiko maka cewa matar amininka ta sauka lafiya, suna rana ita yau. Ka tsaya gaban rumfar mai kayan jarirai kana lissafi, ga kunya ga halin aljihu. To, me za ka riƙa?

Bari in ba ka labarina. Bara da aka yi wa wani abokina haihuwar fari, bashi na ci na sayi 'yan kanti masu tsada, riga da hula da takalmi. Ranar suna sai na ji ashe irinsu sun kai biyar a ɗakin, kuma kafin a yi arba'in yaro ya fi ƙarfinsu. Wani dattijo makiyayi kuwa jaki ya koro da kayan itace da tiya biyu ta gero. Da itacen aka riƙa dafa ruwan wankan jego, da geron aka dama kunu. Har yau shi ake ambata a gidan. Ni ko sai da na yi wata biyu ina biyan bashi.

Saboda haka kafin ka sayi komai, tura matarka ko ƙanwarka ta je barka, ta dubo abin da babu. Mata sun fi mu sanin ɗakin mai jego.

In ba ka samu haka ba, nemi abin da ake buƙata kullum. Sabulu ba ya yawa, don wankin jariri ba ya yankewa. Haka zanen goyo. In damina ta kusa, gidan sauro mai magani ya fi riga goma, domin zazzaɓin cizon sauro ƙananan yara ya fi kayarwa.

Kada ka sayi madarar gwangwani da bulumboti don a ce ka yi bajinta. Ma'aikatan lafiya suna cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an ƙara ba. Inda ruwa mai tsabta ke wuya, bulumboti gudawa yake jawowa. Kana son ka ciyar da yaron? To ciyar da uwarsa: gero, wake, man gyaɗa, ɗan nama. In kuma man shafawa ka saya a kasuwa, duba ranar lalacewarsa.

Kai makiyayi, kyautarka tana cikin garke. 'Yar akuya wata 5 take ɗaukar ciki, kafin yaro ya yi wayo ya zama mai dabbobi. In ba ka iya bayarwa ɗungurungum, akwai habbanaye da Fulani suka gada: ka ba da aron uwar, 'ya'yan su zama na yaron, daga baya ta dawo maka.

Kai ɗan kasuwa, in kuɗi za ka bayar, ba da irin wanda ake cefane da shi a garin, sefa ko naira, kada mai canji ya ci rabon jariri.

In ko kasuwa ta ƙi, kada kunya ta zaunar da kai gida. Zumunta a ƙafa take. Je ka yi barka, ka kama aikin yankan rago, ka ce ranar rigakafi kai za ka kai su asibiti a babur ɗinka. Amini ba zai manta da wannan ba.

Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.