Kura da shan bugu: wa ke kwashe kuɗin dambe?

Yau hirar dambe za mu yi, amma ta ɓangaren aljihu. Masu jiran in faɗi wanda ya fi wani ƙarfin hannu, ku yi haƙuri sai wani makon.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Daren Juma'a 8 ga Maris 2024, muna wani gidan kallon ƙwallo a nan Gyaɗi-Gyaɗi, mun kasa mun tsare muna jiran Anthony Joshua da Francis Ngannou daga Riyad. Har tsakar dare ya wuce ba a fara ba. Da aka fara kuwa, a turmi na biyu Joshua ya shimfiɗe shi, ko minti shida ba a cika ba. Jaridu sun ruwaito cewa Joshua ya tashi da wajen dala miliyan 50, shi kuma wanda aka buge ɗin wajen miliyan 20. Wani a bayana ya ce, wallahi da wannan kuɗin ni ma a zo a sumar da ni. Kowa ya yi dariya.

Akwai wani ƙanenmu a gefena, yana taya mahauta aiki a kasuwar Tarauni, kuma yana taɓa damben gargajiya. Hannunsa na dama a ɗaure yake, ya samu tsagewar ƙashi a wasa. Shi ma ya yi dariyar, sai ya ce min, "Yaya, ni abin da aka ba ni ranar da na ji ciwon nan, ko kuɗin mai ɗori bai kai ba." Ga shi kuma bidiyon wasan yana ta yawo a wayoyin mutane, ni kaina na gani kafin in san shi ne. Tun daga ranar nake tambayar kaina: kuɗin dambe daga ina yake fitowa, kuma wa ke riƙe da wuƙar rabo?

Mu fara da can waje, tunda su lissafinsu a rubuce yake. Babban dambe yana da hanyoyin kuɗi kamar huɗu. Na ɗaya kuɗin ƙofa, wato tikiti. Na biyu abin da zan kira biya-ka-kalla: kana gidanka, ka biya kuɗi na musamman don a buɗe maka wannan wasan kaɗai. Na uku kuɗin gidajen talabijin na ƙasashe da na kamfanonin talla. Na huɗu kuɗin masauki, inda wata gwamnati ko wani babban otal zai biya don kawai a kawo wasan garinsa.

Ku ɗauki wasan Floyd Mayweather da Manny Pacquiao, 2 ga Mayu 2015 a Las Vegas. Kuɗin ƙofa kaɗai ya kai dala miliyan 72. Gidaje wajen miliyan 4.6 suka saya ta biya-ka-kalla, kowane gida kusan dala 100, abin ya haura dala miliyan 400. Kun ga ke nan kuɗin da mutanen da ke zaune a falonsu suka biya ya ninka na masu cikin fili sau biyar da ɗoriya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Rabon kuma 60 da 40 aka yi, Mayweather ke da 60. Tun kafin a kai naushi ɗaya an gama wannan rabon a takarda, ko da Pacquiao ne ya yi nasara haka za a raba. A damben zamani ana biyanka ne gwargwadon mutanen da sunanka zai jawo su ciro kuɗi.

Shi kuma kuɗin masauki tsohon abu ne. A 1963 Dick Tiger, ɗan Najeriya, ya kare kambunsa na duniya da Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan, gwamnatocin lokacin suka sa hannu a aljihu aka kawo wasan gida. A 1974 Mobutu ya karɓi baƙuncin Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, kowannensu dala miliyan 5, Don King ne ya ƙulla. Yanzu kuma Saudiyya ce ke yayi, tun wasan Joshua da Andy Ruiz na biyu a Disamba 2019. Su waɗannan ba lallai su mayar da kuɗinsu daga tikiti ba, suna ne suke saya wa ƙasarsu.

To, an ce an ba ɗan dambe miliyan kaza. Nawa ke shiga aljihunsa? Da farko ku sani ɗan boksin ba shi da albashi kamar ɗan ƙwallo. In bai yi wasa ba, ba ko sisi. Manya kuma sau biyu suke wasa a shekara, wani lokacin sau ɗaya. Mu ƙaddara an ba shi 100. Manaja zai iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku. Koci bisa al'ada yana da 10. In wasan kambu ne, hukumar da ke da kambun, irin su WBC da WBA, tana yankar wajen 3. Ga mai tsayar masa da jini a kusurwa, ga abokan atisaye da zai ɗauka na wata biyu ko uku, ga abinci, ga masauki, duk daga jikinsa. Sannan haraji, wanda a Amurka na tarayya kaɗai yana kaiwa 37 cikin 100 ga masu babban samu. Kafin ka ankara abin da ya rage bai kai rabi ba.

Wannan fa manyan ke nan. Yaran da ke buɗe fili kafin babban wasa, waɗanda ake yi kujeru duk babu kowa, da yawansu suna da wani aikin da rana. Kuma ko manyan ba su tsira ba. Mike Tyson ya samu ɗaruruwan miliyoyin dala, amma a 2003 ya je kotu ya ce ya karye. Shi Dick Tiger da na ambata, a ƙarshen rayuwarsa gadi ya yi a wani gidan tarihi a New York, ya rasu a 1971. A Maris 2025 ma, ɗan boksin ɗinmu Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa a Accra, rai ya yi halinsa, yana da shekara 40.

To me ya sa Mayweather ya fita daban? A 2006 ya biya dala dubu 750 ya fanshi kansa daga kamfanin Bob Arum da ke shirya masa wasa, daga baya ya kafa nasa. Daga nan ya zama shi ne ɗan damben, shi ne kuma mai ƙofa. Duk abin da ya shigo, ta hannunsa yake bi kafin a sallami kowa. Amurka ma da kanta ta ga cutar ta yi yawa, shi ya sa a shekarar 2000 ta yi doka mai sunan Muhammad Ali. A cikinta an wajabta wa mai shirya wasa ya bayyana wa ɗan dambe abin da zai samu daga wasan, an kuma hana mutum ɗaya ya zama manajanka kuma mai shirya wasanka a manyan wasanni. Dalili a fili yake: wanda zai nemo maka farashi mai tsoka bai kamata ya zama shi ne mai biyanka ba.

Yanzu mu dawo gida. In ka hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi ka je Ado Bayero Square a Sabon Gari da yamma, za ka tarar da duk abin nan da na lissafa, sai dai a ƙaramin ma'auni. Akwai mai gidan dambe, shi ke karɓar kuɗin ƙofa, shi ke sallamar 'yan wasa da makaɗa da alƙalai. Akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane da manyansa masu cewa wane zai sa zare da wane. Sunan da ke cika fili ana lallaɓarsa, har a aika masa kuɗin mota daga wani gari. Yaron da ba a sani ba kuwa, abin da aka miƙa masa shi ne nasa. Sai liƙi, in ka yi kisa mai kyau masu kuɗi su taso su manna maka, kai ma ka juya ka yi wa makaɗinka kari. Lokaci-lokaci a sa gasar mota ko babur, mutum ɗaya ya ɗauka, sauran su koma da kumburin fuska.

Ba na raina wannan tsarin, ku fahimce ni. Shi ya riƙe dambe tun lokacin da mahauta ke zagaya ƙauyuka da kaka, shi ya fitar da su Shago da Ɗandunawa, har Ɗan'anace ya yi wa Shago waƙar da ta sa jikokinmu ma za su san sunansa. Mai gidan dambe shi ma yana da hayar fili da jami'an tsaro, ga ranar da ruwan sama zai kore masa 'yan kallo. Amma tsarin an gina shi ne a kan mutanen da ke cikin fili, waɗanda ɗan dambe ke gani da idonsa. In fili ya cika ya sani, in an yi masa ƙwauro ya sani.

Abin da ya canza shi ne kyamara. Kun tuna na ce masu kallon Mayweather daga gida sun ninka na fili? Mu ma hakan ta fara faruwa. Tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube tun 2017, mutane daga ƙasashen da ba su taɓa jin kalmar Guramaɗa ba suna kallo. Kamfanin African Warriors na Maxwell Kalu ya zo da nasa tsarin, har ya kai dambe tashar DAZN a 2025. Ban da su, ga ɗaruruwan masu waya a bakin fili, kowa da shafinsa a Facebook da TikTok. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogon bidiyonsa, kuma bidiyo ba ya mutuwa, bayan shekara uku yana iya ci gaba da kawo kuɗi. Wannan sabuwar ƙofa ce wadda ɗan dambe ba ya ganin masu shiga ta cikinta. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙanen nan namu na Tarauni an sallame shi sau ɗaya a daren, hannunsa ya yi wata biyu bai riƙe wuƙar fawa ba, bidiyon kuma yana nan yana aiki.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu matsa a kai, mu matasa masu kallo da masu ɗauka. Na farko, a faɗa wa ɗan wasa kuɗinsa kafin ya ɗaure hannu, a gaban shaida, in da hali a rubuce, ko da a saƙon waya ne. Na biyu, duk mai ɗaukar bidiyo don neman kuɗi ya yi yarjejeniya da gidan dambe, kuma a cikin abin da zai biya a ware kason waɗanda suka sa zare. Na uku, a cire wani abu daga kuɗin ƙofa na kowace rana a ajiye don magani, ƙungiyar 'yan dambe ta riƙe, yadda wanda ya karye zai iya zuwa asibitin ƙashi na Dala ba sai an yi masa karo-karo a majalisa ba. Na huɗu kuma naku ne, 'yan dambe: ku buɗe shafukanku da sunanku. In ba ka iya ba, a unguwarku akwai ɗan makarantar da ya iya, ku yi yarjejeniya ta gaskiya da shi. Ranar da za a zo ɗaukarka wasa, mabiyanka su ne abin cinikinka.

Na san wani zai ce, Malam, dambe ai jarumta ce, ka zo kana mana lissafin boko. Na yarda jarumta ce. Amma jarumin nan yana da uwa, wani yana da mata da 'ya'ya, kuma shekarun da zai yi yana wasa ƙidayayyu ne. Wanda ya kai arba'in yana sa zare, galibi ba don sha'awa ba ne.

Ƙanen namu ya warke, ya koma kasuwa, kuma ya ce min da kaka zai koma fili. Na ce masa kafin ya ɗaure hannu ya tambayi nawa ne, ya kuma tambayi mai kyamarar nan na wa yake wa aiki. Ya ce, "Yaya, in na tambaya za a ce na cika baki, a sa wani." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba zai iya shi kaɗai ba, sai manyan ɓangarori sun sa baki.

In akwai ɗan dambe ko mai gidan dambe ko mai ɗaukar bidiyo da ke jin mu, ƙofa a buɗe take, ku zo ku faɗi naku, ko da kun ga na yi kuskure. Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.