Ɗan Kwantiragi A Ɗakin Malamai



Mu da muke tsaye gabanku, ba mu daɗe da komowa daga koyon aikin koyarwa ba. An rarraba mu a makarantun ƙasar Gwandu da ta Kalgo, waɗansunmu har Malisa, inda wasu daga cikinmu ma can aka yanke musu cibiya. Mun tafi da littafin tsara darasi da alli, mun komo da wata tambaya wadda babu malamin da ya taɓa yi mana lacca a kanta. A makaranta fiye da ɗaya mun tarar da wani mutum a ɗakin malamai wanda in ya shigo sai hira ta mutu, in ya fita ta tashi. Ba ɓarawo ba ne, ba kuwa mashayi ba. Malamin ba da shawara ne, wanda yara ke ce wa malamin gaidans, kuma an ɗauke shi aiki ne bisa kwantiragi. To, tun da yake da yawa daga cikinmu wannan kujera ce ke jiranmu, wasu kuma su ne za su zauna a bencin da ke hararsa, mun ga ya kyautu mu tattauna al'amarin tun kafin ya same mu.

Aikin nan ba baƙo ba ne a Nijeriya. Masana suna danganta farkonsa da shekarar 1959, lokacin da matan mishan na kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga sana'o'i dabam-dabam don su yi wa 'yan matan aji na ƙarshe bayanin abin da ke gabansu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, sa'an nan Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a naɗa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, bukata ta ƙaru, domin dole a sami wanda zai duba yaro bayan shekara uku ta ƙaramar sakandare, ya taimake shi ya san ko kimiyya zai bi, ko fasaha, ko kasuwanci. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, makarantun karkara da yawa sun daɗe suna ɗora wa malamin addini ko mataimakin shugaba wannan kaya a kan nasa. Sai daga baya, da shirye-shirye masu kuɗin waje suka shigo, irin su AGILE na Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2020, kuma Kebbi na cikin jihohi 7 na farko, da kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu, aikin ya sake samun masu kula da shi. Amma kuɗin shiri yana da ranar ƙarewa, saboda haka wanda aka ɗauka da irin wannan kuɗi shi ma yana da ranar ƙarewa.

Kafin mu tausaya wa ɗan kwantiragi, adalci shi ne mu fara zama a bencin malaman nan, mu ji abin da ke cinsu. Malami mai takardar NCE yakan fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma kowa ya san yadda ƙarin girma ke tafiyar hawainiya. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana shan ƙurar alli, yana shiga aji biyar ko shida a yini, ajin da in ka tsaya a gaban allo ba ka iya ganin fuskar na baya. Da dare ya zauna da tocila yana duba takardun jarrabawa. Rana ɗaya sai ga yaro sa'an ƙanensa ya sauko daga babur da takarda daga birni, an ba shi ɗaki shi kaɗai, da tebur, da kujera mai taushi, ba shi da aji ko ɗaya a jadawali, kuma raɗe-raɗi ya riga shi isowa cewa abin da yake ɗauka a wata ya fi nasu. Me kuke so malamin nan ya ce? Abin da ya faɗa mana a ƙarƙashin dalbejiya shi ne, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu iya musa masa ba nan take.

Wannan ciwo kuwa an taɓa ɗanɗana shi a fili. A 2016 da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin N-Power, matasa masu digiri da aka tura makarantu suna karɓar Naira 30,000 a wata, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira 18,000 ne, sai a 2019 ya kai 30,000, a 2024 kuma 70,000. Na Tarayya yana jin ƙarar saƙon banki, malamin ƙaramar hukuma yana jiran wata ya yi nisa. Wanda duk ya zauna a ɗakin malamai a waɗannan shekaru ya san irin kallon da aka riƙa yi wa juna. Daga bisani kuma wa'adin rukunan farko ya cika a 2020, aka sallame su, malamin ƙaramar hukuma yana nan a kan bencinsa.

Nan ne muke so 'yan'uwa su lura, domin kallon kitse ake yi wa rogo. Ɗan kwantiragi ba shi da fansho, ba shi da garatuti, ba shi da mataki balle a ƙara masa. In ya kwanta ciwo wata biyu, ba lalle ya tarar da kujerarsa ba. Sabunta takardarsa ya rataya ne a kan rahoton shugaban makaranta, shi kuwa shugaba yana sauraron malaman da ya shekara ashirin tare da su. Watau mutanen da ke jin haushinsa su ne, ta bayan gida, ke riƙe da abincinsa. Kuma ba shi ya yanka wa kansa albashi ba, ba shi ya hana su ƙarin girma ba. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ofishin da ya tsara abin yana can nesa, shi kuwa ga shi nan kullum ana shan ruwa a randa ɗaya.

Da kuɗi ne kaɗai matsalar, da da sauƙi. Akwai wadda ta fi ta zafi, ita ce ta sirri. A wata makaranta ta wannan yanki, wadda ba za mu faɗi sunanta ko garinta ba, wata yarinya 'yar aji uku ta riƙa fashin zuwa, in ta zo kuma ta kifa kai a tebur. Malamin ajinta ya yi faɗa, ya yi bulala, abin bai sake ba. Rannan aka gan ta ta fito daga ɗakin mai ba da shawara tana share hawaye. Kafin tashi malamin ya tare shi a bakin ƙofa, mu muna gefe, ya ce, "Malam, me yarinyar nan ta gaya maka?" Ya amsa da cewa, "Malam, ka yi haƙuri, amana ce ta ba ni. Abin da ya shafi karatunta zan zo mu zauna." Sai malamin ya ce, "Ni da na koyar da yayyenta, yau ni za a ɓoye wa? To, Allah ya ba da sa'a." Daga ran nan babu yaron ajinsa da ya sake samun izinin zuwa ɗakin nan. Wasu suka ce ɗan leƙen asirin ma'aikata ne, yana rubuta sunayen masu makara da masu bulala. Wasu suka ce me namiji yake yi da 'yan mata a ɗaki. Wannan magana ta biyu, a garuruwanmu, ta isa ta kashe mutum yana tafiya da ƙafarsa.

Wa ya yi hasara? Albashin malamin bai ragu ba, na mai ba da shawara ma bai ragu ba a watan. Yaran aji guda ne aka rufe wa ƙofa. Kuma kada mu ɗauka ƙofar nan ado ce. Jihar da aka shiga kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai, tana da yara masu kwana da tsoro ko da garinsu lafiya lau yake. Akwai yaron da fadama ke ja, tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, yana ganin sa'ansa da kuɗi a aljihu shi yana haddar jadawali. Akwai yarinyar da aka fara zancen aurenta a gida, ba ta da wanda za ta gaya wa tana son ta ƙare sakandare. Bulala ba ta jin irin wannan labari.

To, yaya mutum zai zauna a wannan kujera? Abin da muka gani ya yi amfani, mafi yawansa ba a littafi yake ba. Mutumin da muka ba ku labarinsa bai kai ƙara birni ba, ko da yake yana da lambar wanda zai kira. Da ya kai, da ya tabbatar da zargin leƙen asiri da hannunsa. Abin da ya yi, ya sami shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni darasi biyu ko uku a mako, in rage wa wani nauyi." Aka ba shi. Ranar da ya fito daga aji da farin alli a gaban rigarsa, ranar aka fara matsa masa a benci. Ya daina cin abinci a ɗakinsa, ya shiga adashin malamai, ya je suna, ya je ta'aziyya har ƙauyen da babur ke nutsewa cikin rairayi. Da aka yi masa ba'ar albashi, bai yi fushi ba kuma bai yi rufa-rufa ba. Ya faɗi abin da yake ɗauka, ya faɗi watan da takardarsa za ta ƙare, ya tambaye su wa zai yi musaya da shi. Aka yi dariya, babu wanda ya ɗaga hannu.

Game da zargin nan mai muni, ya ɗauki mataki tun kafin ya yi jijiya. Ya bar ƙofarsa a buɗe, ya ja teburinsa inda mai wucewa zai hango shi amma ba zai ji magana ba, ya roƙi wata malama dattijiya ta riƙa zama kusa duk lokacin da yarinya ta zo. Ya kuma riƙa rubuta ranar da ya ga kowane yaro da matakin da ya ɗauka, ya kulle a akwati.

Amma akwai inda bai sassauta ba, kuma a ganinmu nan ne aikin yake. Bai taɓa sayen zaman lafiya da sirrin yaro ba. Da ya buɗe bakinsa sau ɗaya a ɗakin malamai, da an karɓe shi hannu biyu a ranar, kafin mako ya zagayo kuma babu yaron da zai sake taka ɗakinsa. Iyakar da ya sanar da kowa ita ce, in rai ko mutuncin yaro na cikin haɗari, dole ya gaya wa shugaba, kuma yakan faɗa wa yaron haka tun kafin ya fara magana. Abin da ya gyara shi ne yadda yake tafiyar da malamin aji. Ya gane cewa mutumin nan ba gulma yake nema ba, jin ya yi an mai da shi bare a kan yaran da ya raina. Saboda haka ya same shi har gida bayan la'asar, ya gaishe shi gaisuwar ƙane, ya ce, "Malam, kai ka san gidan yarinyar nan, ni ban sani ba. In da wanda mahaifinta zai saurara, kai ne." Tare suka je, da yardar yarinyar. Malamin ne ya yi magana a zaure, shi yana zaune a gefen tabarma. Har muka baro makarantar tana zuwa aji.

Mu 'yan ƙasar Gwandu ba mu rasa abin tunawa a nan. Masu tarihi sun kawo cewa bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, an sami sanyin zumunci tsakanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ɗan wansa Muhammadu Bello a kan wanda ya gaji Shehu. Abin da ya haɗa su shi ne yaƙin Kalambaina, da Bello ya kawo wa baffansa gudummawa. Da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sarautar Sarkin Musulmi. Kowannensu ya ba ɗaya abin da yake nasa, ɗaya girman shekaru da ilmi, ɗaya girman muƙami. Ba muna gwada ɗakin malamai da waɗannan bayin Allah ba ne, sai dai in su sun bukaci aiki ya haɗa su kafin zukata su huce, mu ba mu fi ƙarfin haka ba.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa haƙuri da gaisuwa suna warkar da kome. Akwai wanda ko ka kwanta ya taka ba zai so ka ba, kuma in ƙiyayya ta kai ga ƙazafi ko hana yara zuwa, to, wajibi ne a kai wa shugaba a rubuce, cikin ladabi, a ajiye kwafi.

Ragowar maganarmu ta yayyenmu ce ma'aikata, domin wasunku a teburinku ake rubuta takardun nan. Duk wanda za ku tura makaranta, ku riga shi da wasiƙar da za a karanta a taron malamai, mai bayyana aikinsa, da wanda yake ƙarƙashinsa, da cewa ba a aiko shi duba kowa ba. Ku sa masa lokaci a jadawali don kada ya riƙa roƙon yara daga hannun malamai. In akwai bita mai alawus, ku haɗa da malaman aji, kada kullum shi kaɗai ya hau mota zuwa Birnin Kebbi. In kuwa a cikin tsofaffin malaman akwai mai sha'awar aikin, ku tura shi ya ƙaro ilmi a kai, domin shi ne zai saura ranar da kuɗin shiri ya ƙare. Mutumin da muka ba ku labarinsa, takardarsa ƙarshen zangon nan za ta cika, kuma malamin ajin nan ne ya fara sa hannu a wasiƙar roƙon a sabunta masa.