Kashi na 12: Sauti kafin sunan harafi



Yarona ɗan shekara 6 ya haddace "ei, bi, si" tsaf, amma in na rubuta masa "Baba" sai ya yi ta kallona. Ashe sunan harafi ya iya, bai san sautinsa ba.

To, sai muka koma minti 10 kullum bayan Magariba, baƙi ɗaya da wasula biyar: ba, be, bi, bo, bu. Gobe ka, jibi na.

Rannan a tashar Kawo ya hango allon wata mota, ya ja min mayafi: "Umma, Ka... no. Kano!" Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Iyaye, ku gwada daren yau. Sai mako mai zuwa.